Jirgin Babana da Na Sassaƙe

Kwanakin baya aka ɗauke ni a mota zuwa wata ta'aziyya a wajen Kurmin Kogi, muka bi ta gadar da aka yi a kan kogin da na tashi a bakinsa. Na ce wa direba ya tsaya in sauka. Ya tsaya, amma da ganin fuskarsa ya ɗauka rikicin tsufa ne ya motsa. Na dafa ƙarfen gada na leƙa ƙasa, sai na ga yashi da ramuka, da injinan ban ruwa suna ta tari suna zuƙe ɗan abin da ya rage zuwa gonakin tumatir da rake. Wurin da a da gwangwala mai tsawon mutum biyu ba ta taɓa ƙasa, a kan idona akuya ta tsallake shi ko cikinta bai jiƙe ba. Kwale-kwale kuwa ko ɗaya babu. Ni ba mai saurin hawaye ba ne, don haka na koma mota na ce mu tafi. Amma tun daga ranar zancen jirgin babana ya dawo mini, ya kuma ƙi tafiya, shi ya sa na ce bari in rubuta shi ko ya sake ni.

Mu masunta ne, gida biyar ko shida a gefen gari, wajen gangaren kogi. Zamanin Turawa ne, ko da yake mu ba mu cika ganinsu ba. Abin da muka san su da shi shi ne gandun dajin da suka shata suka hana sare itace, sai kukan jirgin ƙasa da iska kan kawo mana daga nesa idan gari ya yi tsit. Abin da na fi tunawa da unguwarmu ƙara ce da ƙamshi. Da safe ka ji dalmar birgi tana ƙaras-ƙaras a kafaɗar maza suna gangarawa, birgi kuwa ita ce komar da ake jefawa da hannu ta buɗe a kan ruwa. Da hantsi hayaƙin banda ya rufe gidaje, mata suna jera tarwaɗa da ƙarfasa a kan wuta, har tufafinmu na Juma'a warin kifi suke. Ranar kasuwar Makarfi a ɗora wa jaki kwanduna, a dawo da gishiri da mazarƙwaila. Yanzu jikokina kifin ƙanƙara suke ci, wanda ba su san ruwan da ya fito ba, kuma suna yaba shi. Na daina yi musu gardama, don bakinsu bai san wani ba.

Babana gurgu ne, ko da yake ba wanda ya isa ya faɗi haka a gabansa. Kurkunu ne ya fito masa a gwiwar hagu tun ina goye, ya kwantar da shi damina guda, da ya tashi ƙafar ta sandare ba ta lanƙwasuwa. A tudu jan ta yake yi, noma kuwa ya gagare shi. Amma a cikin jirgi wani mutum ne daban. Ya miƙe a goshin jirgi, birgi a kafaɗa, bakinta ɗaya a haƙoransa, ya murɗa ƙugu ya sake ta, ta buɗe da'ira cif kamar faifai ta sauka a kan ruwa. A duk kogin ba wanda ya kai shi hannu. Ni aikina tuƙi ne, ina zaune a baya da filafili, in kai shi inda ya nuna da haɓa. Da wannan jirgin yake ci da mu, kuma a cikinsa kaɗai yake tsayawa daidai da sauran maza. Idan babu shi, babana ba shi da wata sana'a. Kowa ya san haka, ni ma na sani, wannan ne kuma yake cin raina har gobe.

Jirgin na maɗaci ne, kakana ya bari. Faɗi gare shi, mutum biyu sa zauna kafaɗa da kafaɗa. Ƙasansa a baje yake, da kauri kamar yatsu huɗu, kuma sai ƙarti huɗu sun taru suke jawo shi kan yashi. 'Yan unguwa Turmi suke kiransa. Ni a lokacin ina saurayi, gemu ya fara tsiro, ƙarfi yana damuna, kuma ba abin da na tsana kamar wannan suna.

Ga dalili. Idan damina ta ja baya ruwa ya fara sauka, kifin da ya shiga fadama yakan biyo wani ɗan rafi ya dawo kogi, ya taru a bakin rafin. A al'adarmu ba mai sa jirgi a ruwa sai an idar da sallar asuba, gari ya waye sosai, Sarkin Ruwa ya tsaya a gaɓa ya ce bismilla. Daga nan wanda ya riga kafa gwangwalarsa a bakin rafi, shi ke da jifan farko, saura su jira ya cika ko su nemi wani wuri. Mu ba mu taɓa rigan kowa ba. Akwai wani sa'ana da muke kira Dogo, shi da wansa suna da sabon jirgi na rimi, siriri, mara nauyi. Kullum sai ya wuce mu yana waiwaye yana cewa, “Sannunku da daka! In kun gama a aiko mana da gari!” 'Yan matan da suka zo ɗibar ruwa su bushe da dariya. Babana ko a jikinsa. Sai ya nuna mini wani lungu ƙarƙashin inuwa, mu je ya yi jifa biyar ko shida, mu dawo da abin da ya ishe mu, wani lokaci ma fiye da na su Dogo. Amma ni ba kifin nake ƙirgawa ba, dariyar nake ji.

Wata rana muna dawowa na yi ƙarfin hali na ce, “Baba, da za a rage wa jirgin nan nauyi, da mu ma mun riƙa samun bakin rafi.”

Bai waiwayo ba ya ce, “Wa ya ce maka nauyinsa ya yi yawa?”

Na ce, “Ai kullum mu ne a baya.”

Ya ce, “Ka taɓa kwana da yunwa a gidana?”

Na ce a'a.

Ya ce, “To, ja filafilinka.”

A wancan zamani magana ta ƙare ke nan. Uba ba ya yi wa ɗa bayani, ɗa kuma ba ya tambayar dalili. Yaran yanzu sai an zauna an warware musu komai dalla-dalla, ina kuma yawan yi musu tsiya a kan haka. Amma a wannan wuri ɗaya, na sha cewa a raina da babana ya ƙara ko jimla biyu ne, da wataƙila ba a yi abin da aka yi ba. Ba laifinsa nake gani ba, haka shi ma aka rene shi.

Ni dai ban bar zancen ba. Na je na kifar da jirgin su Dogo da rana ba sa nan, na duba ƙasansa. A zagaye yake sumul kamar bayan ƙwarya, goshinsa kuma siriri. Na ce ashe sirrin ke nan. Namu ture ruwa yake yi da ƙirji, nasu yanka shi yake. A raina na yanke cewa kakana bai iya sassaƙa ba ne, ko kuwa gajiya ya yi ya bar aikin a rabi. Ka ji wautar yaro.

Ana nan sai aka yi wa babana rasuwa a Kudan, mijin yayarsa, ya hau jaki ya tafi, ya ce sai an yi sadakar uku zai dawo. Ƙurar jakinsa ba ta kwanta ba na nufi gidan wani tsohon masassaƙi da ke cikin gari, abokin kakana, na gaishe shi na tsuguna, na ce Inna ce ta aiko ni aron gizago za a gyara mata kujera. Ya ɗauko ya ba ni. Na tuƙa jirgin zuwa wani lungu bayan kurmi inda ba a cika bi ba, na roƙi samari uku suka taya ni kifar da shi, na ce musu toshe tsaga zan yi.

Gaskiya ita ce na ji daɗin aikin nan, ba zan ɓoye ba. Sara na farko, baƙin bayan jirgin ya ɓare, jan itace ya bayyana kamar jiya aka sare shi, da wani ƙamshi mai ɗaci-ɗaci. Na fara da kusurwoyin nan biyu na ƙasa, inda gefe ya haɗu da gindi, na cinye su har suka zagaye. Na bi ƙasan ina ragewa, ina ƙwanƙwasawa da yatsa ina saurare, tun yana amsawa da murya mai nauyi har ya koma yana amsawa kamar ganga. Na feƙe goshin. Kwana biyu da rabi ina yi, hannuna ya yi kanta ya fashe, ban ji ba. Daga ƙarshe na goge shi da tsingaro da yashi har ya yi santsi. Na ja da baya na dube shi, na ji duk ƙasar Ikara ba mai basira irin tawa.

Ɓawon da na sassaƙe ya yi tuli guda, na ga asara ce a bar shi, na ɗaure a tsumma na kai wa Inna ta hura wuta. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta shinshina, ta dube ni.

Ta ce, “Wannan maɗaci ne. Daga ina?”



Kafin in amsa ta ce, “Kai, ɗan nan, jirgin ubanka ka taɓa?”

Na ce, “Gyara shi na yi, Inna. Za ki gani.”

Ta yi salati ta zauna a kan tabarma. Can ta ce, “Kwashe shi ka fitar mini daga gida. Ni ba zan dafa tuwo da jirgin mijina ba. Kuma da bakinka za ka gaya masa, ba da nawa ba.”

Na ce to, na fita ina ƙunƙuni cewa mata ba su san sha'anin ruwa ba. Da yamma na sa jirgin a kogi na gwada shi ni kaɗai. Wayyo, ja ɗaya na yi ya sulale kamar an tura shi. Na ji yana ɗan rawa idan na gyara zama, amma ni a zaune nake, ga ƙuruciya, ga ƙafafu biyu lafiyayyu, sai na ce ai sabo ne, za a saba. Ko sau ɗaya ban miƙe tsaye a ciki na gwada ba. Na dawo da shi matsayarsa, na sa laka na shafe inda jan itacen ya fito saman ruwa.

Babana ya dawo da la'asar a gajiye. Na karɓi jaki, na kawo masa ruwa, na yi masa ta'aziyya, maganar tana bakina ta ƙi fita. Na ce wa kaina bari ya gani da idonsa a bakin rafi, murna za ta hana shi faɗa.

Da safe muka gangara. Ya sa ƙafarsa mai lafiya a ciki, jirgin ya karkata, ya yi maza ya dafa gefe ya zauna ya miƙe gurguwar ƙafar. Ya juyo ya ce, “Me ya sami jirgin nan?” Kafin in buɗe baki Sarkin Ruwa ya ce bismilla, na kuwa danna filafili. Muka wuce jirgi na farko, muka wuce na biyu. Na zo daidai da Dogo, na ga bakinsa a buɗe, na wuce shi ban ce masa komai ba, don na tanadi maganata sai mun isa. Mutanen gaɓa suna ihu suna cewa Turmi ya yi fiffike. Na isa bakin rafi da tazara mai yawa, na caka gwangwala a laka, ƙirjina kamar ya fashe don daɗi. Na ce, “Baba, jifan farko namu ne.”

Ya daɗe yana kallona. Jirage suka iso suka kewaye mu suna jira, kamar yadda al'ada ta ce. Ba yadda zai yi, ido ya yi yawa. Ya dafa ya miƙe a hankali, jirgin yana kakkarwa a ƙarƙashinsa. Ya ɗora birgi a kafaɗa, ya ciji bakinta, ya murɗa ƙugu kamar kullum. Jirgin ya mirgina ya bi shi. Mai gwiwa biyu da ya lanƙwashe ya tare, shi kuwa ba abin da zai lanƙwasa. Ya tafi da baya cikin ruwa, birgi ta rufe shi, dalma ta ja shi ƙasa.

Na faɗa ruwa, na lalubo shi a cukuikuye cikin koma, na kasa ɗago shi ni kaɗai. Wanda ya nutso ya kama ɗaya hannun, Dogo ne. Da ƙyar muka fito da shi gaɓa, aka yanke birgin da wuƙa, ya yi ta aman ruwa. Ba wanda ya yi dariya, ni kuwa da an yi da ya fi mini sauƙi. Da numfashinsa ya dawo ya ce a jawo jirgin a kifar. Mutum biyu kacal suka jawo shi. Ya ja jiki ya matsa, ya shafa jan itacen da tafin hannu tun daga goshi har baya, ya ƙwanƙwasa ya saurara.

Na durƙusa na ce, “Baba, don ya yi gudu ne.”

Ya ce, “Na gani. Ya yi gudu.”

Bai dake ni ba, bai zage ni ba. Ya karɓi sanda a hannun wani ya hau gangare yana jan ƙafa, rigarsa tana ɗigar ruwa, ya hana kowa ya riƙe shi.

Ran nan na mayar da gizago. Labari ya riga ni isa. Tsohon masassaƙin ya karɓa ya ajiye a gefe, ya ce in zauna.

Ya ce, “Ka san yaushe aka yi jirgin nan? Shekarar da ubanka ya tashi daga kurkunu. Kakanka ya ga ɗansa zai lalace a zaune, ya zo ya same ni. Ni da shi muka sassaƙa. Mu rage kaɗan, mu sa shi a ruwa, mu ɗauko ubanka mu tsayar da shi a ciki ya yi jifa, mu fito mu sake dubawa. Wata biyu muna haka. Inda ya tsaya bai girgiza ba, nan muka ajiye gizago. Kai kana tsammani ba mu iya yin siriri ba ne?”

Na ce, “Baba, ba yadda za a mayar?”

Ya ce, “Da me? Abin da ka cire ai ya ciru.”

Duk da haka ba abin da ban gwada ba. Na jera duwatsu a ciki, ya yi nauyi amma bai daina mirginawa ba, ƙasan da ya yi siriri kuma ya fara tsatsa. Na ɗaura gwangwala a gefe da gefe, koma ta riƙa maƙalewa. Na ce a sassaƙa wani, sai ga shi duk maɗacin da ya kai girman jirgi yana cikin gandun daji, sai da takarda daga Zariya, mu kuwa ba mu san ko ƙofar da ake bi ba. Tsohon masassaƙin ma ciwon baya ya riga ya hana shi aiki. Babana ya yi shekaru da yawa bayan haka yana zaune a gindin tsamiya yana ɗinke komar mutane, a ba shi kifi biyu ko uku na alheri, mutumin da a da shi ke rabawa. Ni na koyi jifa, na ci da gidan daidai gwargwado, amma ban kai rabin hannunsa ba. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da zancen ba. Na roƙe shi gafara ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe. Ni ne dai ban gama da kaina ba.

Sau ɗaya babana ya sake shiga jirgin, kamar kwana goma bayan faɗuwarsa. Ya ɗinke birginsa, da hantsi bayan kowa ya watse ya ce in kai shi lungun nan na ƙarƙashin inuwa, zai gwada jifa a zaune. Na kai shi. Ya jefa, birgi ta faɗi a dunƙule kusa da jirgi. Ya jawo ta, ya sake shiryawa, ya jefa, ta buɗe rabi. A na uku bai jefa ba. Ya naɗe ta a hankali ya ajiye a kan cinyarsa, ya ce, “Mai da ni gaɓa.”

Kunya da baƙin ciki suka sa na riƙa ja da ƙarfi, ina so in raba shi da wurin. Sai na ji ya ce, ba tare da ya juyo ba, “A hankali, ɗana. Bari in ɗan daɗe a kan ruwan.”

Na ɗaga filafili na ɗora a gwiwa. Amma jirgin bai tsaya ba, ya ci gaba da sulalewa shi kaɗai, har goshinsa ya taɓa yashi.